Burmi a kan teburin tela: nazarin wani wasan yaƙi a Jidda

Ƙungiyar ba ta da suna, kuma ba ta kai mutum goma ba. Ranar Alhamis bayan isha'i suke haɗuwa, a ɗakin da ke saman wani shagon ɗinki a kudancin Jidda, cikin unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama. Mai shagon haifaffen Maiwurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Ɗansa, ɗalibin injiniya, shi ya shigo da wasan gidan bayan ya daɗe yana kallonsa a YouTube. Akwai malamin tarihi da yaƙin Sudan ya koro daga Wad Madani a ƙarshen 2023, da wani Basakkwace mai hidimar alhazai, da wani haifaffen Makka ɗan asalin Kano. Daga baya wani dattijo, kawun telan, ya shigo cikinsu. Ba ya taɓa komai a kan teburin, amma ba a yanke magana sai an ji ta bakinsa. Wannan rubutu ya bi diddigin yadda suka shirya yaƙin Burmi na 1903 da 'yan ƙananan sojojin roba, da abin da shirin ya tono a tsakaninsu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa fili a kan teburi, galibi ƙafa 6 da ƙafa 4, a ɗora tuddai da kogi da gidaje na soso da kwali. Sojojin na roba ne ko na dalma, tsawonsu milimita 28, kuma ba fenti suke zuwa, sai mutum ya zauna ya yi musu ɗaya bayan ɗaya. Kowane rukuni yana da tazarar da zai iya ci a zagaye guda, ana aunawa da tef. Kowane makami yana da nisan da yake kaiwa. Sa'a kuwa, a yadda aka saba, 'ya'yan ludo ne ke yanke ta. Asalin abin horon hafsoshi ne, domin rundunar Purushiya ta ƙasar Jamus ta karɓi tsarin Reisswitz a 1824, da taswira da alƙali a tsakiya. A 1913 ne H. G. Wells ya buga dokokin da suka fito da shi fili a matsayin wasan farar hula.

Da yaƙin Karari suka fara, wanda aka yi kusa da Omdurman a Sudan tsakanin Ansar, wato mabiya Mahdi, da rundunar Kitchener, kwamandan Ingila, kuma bai ba su wahala ba. Yaƙin 2 ga Satumba 1898 yana cikin waɗanda masu wannan wasa a Turai suka fi so, don haka komai akwai shi a kasuwa. Kamfanin Perry Miniatures na Nottingham yana sayar da Ansar na roba akwati-akwati, ana samun sojojin Kitchener, Turawa da Misirawa da bataliyoyin Sudan masu jar dara, har jiragen ruwan da suka yi ta ɓarin wuta daga kogi. Taswira ba a magana. Kowa ya san inda dutsen Surgham yake, da kwarin da mayaƙan Usman Digna suka laɓe suka tari rundunar dawaki ta 21, wadda Churchill ke ciki. Halifa Abdullahi, magajin Mahdi, ya fito da mutum kusan 50,000, aka kashe masa wajen 10,000 kafin azahar, ɓangaren Kitchener kuwa mamatansu ba su kai 50 ba. Sun buga shi yadda ya faru, sun kuma buga shi da harin dare, shawarar da wasu amirai suka bayar ba a ɗauka ba. Aka sha jabana, wato gahawar Sudan, aka ci agashe, aka yi gardama ta raha, aka watse.

Malamin tarihin ne ya ce tun da hannu ya faɗa, me zai hana a yi namu.

Abin da ya faru a Burmi

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi ta ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fita hijira gabas da niyyar Makka, Waziri Buhari kuma ya koma gari da waɗanda suka zaɓi zama, Lugard ya naɗa Attahiru na biyu. Abin da ya tayar wa Turawa hankali shi ne yadda jama'a suka riƙa barin gonaki da garuruwa suna bin tutar Sarkin Musulmi, sarakuna da talakawa. Tafiyar ta ƙare a Burmi, kusa da kogin Gongola, cikin jihar Gombe ta yau, ba nisa da dutsen Bima. Garin mutanen Malam Jibrilla Gaini ne, wanda Turawa suka kama a 1902. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya gwada shiga, aka kora shi ya koma Bauchi da raunuka cikin mutanensa. Ranar 27 ga Yuli Manjo Marsh ya dawo da sojoji kusan 500, da Maxim, bindigogin nan masu aman harsashi ba tsayawa, da igwa. Aka wuni ana yi. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh, Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, cikinsu har Magajin Keffi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Maiwurno ya ɗauki sunansa. Alfa Hashim, wanda shi ma yana cikin tafiyar, ya ƙarasa Madina, a can ya rasu a 1931.

Wato kakannin rabin mutanen ɗakin daga wannan fili suka fito, kuma wannan ne ya bambanta Burmi da Karari tun kafin a buɗe kwalbar fenti.

Aikin hannu

Ba su samu mai sayar da mayaƙan Sakkwato yadda suke so ba, sai telan ya ce shi zai yi. A nan sana'arsa ta yi rana. Yakan ɗauki ɗan Ansar na roba, ya kankare abin da ba ya so da reza, ya murza ƙullun Milliput har ya yi siriri, ya naɗa shi a kai zagaye uku, ya bar kunnuwa biyu a sama in na sarauta ne. Hannun babbar riga yakan faɗaɗa shi ya naɗe a kafaɗa, don ya ce ba wanda ke ɗana kibiya da hannun riga a sake. Lifidin doki ya fi ba shi wuya. Ya gwada yadi, ya ga zaren ya yi kauri ga doki ƙarami haka. Abin da ya yi aiki shi ne takardar tishu ninki uku, a tsoma ta cikin farin gam da aka sirka da ruwa, a lulluɓa wa dokin, sannan kafin ta bushe a bi ta da tsinin allura ana jan layi a gicciye. In ta bushe sai ka rantse auduga aka cusa aka ɗinke.

Wajen fenti ɗansa ya fi shi sani, amma shi ya fi sanin tufa. Yaron ya yi wa rukunin farko fari fat, uban ya duba ya ce waɗannan ba su yi wata huɗu a hanya ba, daga wanki suka fito. Aka koma farawa da ruwan ƙasa, a ɗora ruwan madara, farin gaske sai a kan tudun ninki kawai. Rawanin ɗan Kura kuwa ya sa aka ɗiga masa man ƙyalli kaɗan, saboda bugaggen baba sheƙi yake yi. Yanayin Jidda ma ya koya musu nasa darasin. Fentin feshi na shimfiɗa, in aka fesa shi cikin gumin bazara, ƙuraje yake fitowa da su, akwati guda kuma da aka manta a mota da rana duk masunsa sun lanƙwashe.

Ganuwa da soson kwalin firiji aka yi ta, aka shafe da filasta da yashi, aka haƙa mata gwalalo irin na garuruwan wancan zamani. Da yake ba su da taswirar cikin gari irin ta Karari, malamin ya kafa wata ƙa'ida da nake ganin ta fi duk sauran amfani: duk abin da aka ɗora a teburi bisa zato, a soka masa allura mai rawayan kai. Inda masallaci yake, yawan ƙofofi, lungunan da ke tsakanin gidaje, duk sun sha allura. Mai kallo yana ganin inda sani ya tsaya, zato ya ɗauka.

Shigowar Kawu

Dattijon bai san ana wasan ba sai da ya ji an ambaci Burmi. Ya hawo benen da sandarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Kai ɗan nan, a gidanka ake sassaƙa mutane?"

"Kawu, ai ba girmama su ake yi ba. Karatu ne."

Malamin ya kawo hadisin 'yan tsanar Nana A'isha, har da dokin nan mai fukafukai. Dattijon ya ce wannan na yara ne, ku kuwa ga ku da gemu. Malamai sun daɗe da saɓani a kan mas'alar, kuma ba a ɗakin tela za a warware ta ba. Abin da aka tsayar shi ne ba za a zana ido ko baki ba, masu rawani kuma a ja musu amawali. A girman milimita 28 ba a yi asarar komai ba, don daga inda mutum yake tsaye ba ya ganin idon ko da an zana.

'Ya'yan ludo ne bai yarda a yi sulhu a kansu ba, saboda hadisin da ke cikin Muslim a kan nardu, wani wasa da ake yi da irinsu. Sai aka yanka 'yan takardu 36, kowace lamba daga 1 zuwa 6 sau shida, aka zuba a hula ana zarowa. Ɗalibin injiniyan ya lura cewa in ba a mayar da wadda aka zaro ba, lissafin ya canza, domin wanda ya sha ƙananan lambobi a jere ya san manya na nan tafe. Suka bar shi haka da gangan. Rashin sa'a yana da iyaka ke nan, kuma mai lura yana iya ajiye babban harinsa sai hular ta yi nauyi da biyar da shida.

Bugun farko, da gyaran da ya ɓata

Sun fara da dokokin da suka yi Karari da su. A ciki Maxim tana kai inci 36, bindigar soja 24, kibiya 12, nasara kuma ita ce ka karya rundunar abokin gaba. Masu jar dara suka tsaya nesa da inda kibiya ke kaiwa, igwa ta fasa ƙofa, duk wanda ya fito aka kwantar da shi. Kafin a gama zagayen shayi na biyu an gama wasa.

Yaron ya kawo gyara irin na masu son wasa ya yi daɗi. A sa Maxim ta riƙa cijewa, a ninka mayaƙan gari, a ƙara wa kibiya nisa. Aka gwada, Burmi ta ci, rundunar Marsh ta watse, samari suka yi kabbara. Dattijon ya bari suka lafa sannan ya ce, "In da haka aka yi, da ba a haife ku a Sudan ba."

Daga nan gardamar ta bar maganar inci ta koma inda take da nauyi: me mutanen Burmi suke nema a ranar? Basakkwacen ya ce yaƙin ba mai ciyuwa ba ne tun daga farko, kuma hanyar Waziri Buhari ce ta tsare jama'a da masallatai da makarantu, shi ba ya ganin abin kunya a zaman kakanninsa. Telan ya ce ba wanda ya kira shi abin kunya, amma kada a auna masu hijira da ma'aunin masu neman ƙwato gari. Malamin ya tsaya kan abin da tarihi ya nuna, cewa Attahiru bai juya ya nufi Sakkwato ba, gabas ya sa gaba, kuma Turawa ne suka bi shi. In haka ne, dokar da ta ce nasararsa ita ce karya rundunar Marsh ta ɗora masa burin da ba nasa ba.

Sai suka sake dokar. Telan ya ƙera rukuni 12 na waɗanda ba mayaƙa ba, mata da goyo, tsofaffi, jakuna da kaya, almajirai da gafaka. Suna tafiyar inci 4 kacal a zagaye, in sun taru a ƙofa kuma sai su toshe ta. Mai riƙe da gari yana samun maki a kan kowane rukuni da ya fice ta gefen gabas na teburin. Mai riƙe da sojojin Turawa yana da harsashi ƙidayayye, yana asarar maki in hafsa ya faɗi, kuma dole ya gama kafin zagayen faɗuwar rana, domin abin da ya sami Sword a watan Mayu ya nuna ba a kwana a bakin ganuwar nan.

Wasan ya tashi nan take. Mai gari ya daina fitowa fili, ya koma jira a lunguna, inda Maxim ba ta ganin abin harbi, kibiya kuma ta isa. Mai hari ya gane cewa tsayawa nesa lokaci take ci masa, dole ya shiga, shiga kuwa da tsada. Gani ya kori ji. Samarin da suka sha jin labarin a bakin manya, a kan teburin suka fara fahimtar dalilin da ya sa yaƙin Sakkwato, da aka yi a fili wajen ganuwa, bai daɗe ba, na Burmi kuwa ya ci wuni ya kuma ci kwamanda.

A ganina wannan gyara shi ne mafi kyau a aikin nasu, kuma shi ne mafi santsi. Yana sa mutum ya ɗauka tsayuwar da aka yi a ganuwa dabara ce da aka tsara don a ba iyali damar ficewa, alhali wannan tsari na teburi ne. Malamin ya san haka, shi ya sa ya soka rawayar allura a kan takardar dokar kanta. Dattijon ma bai bari ta wuce ba. "Ustaz, ba don mu tsira suka tsaya ba. Don Allah suka tsaya." Babu lambar da za a zaro daga hula ta auna niyya. Iyakar abin da suka iya shi ne su keɓe rukunin da ke kewaye da tuta daga dokar firgita: kowa na iya karaya ya ja da baya in lamba ta yi ƙasa, ban da su.

Wa zai riƙe masu jar dara

Wannan ta fito ne daga kwalbar fenti. Yaron ya sayo launin fatar Bature da yawa, malamin ya tambaye shi na mene ne. Hafsoshi da wasu 'yan sajan ne kawai Turawa. Sauran duk sojojin rundunar Afirka ta Yamma ne da aka kafa a 1897, mafi yawansu Hausawa da Yarabawa, kuma Hausa ce yaren bariki. Bataliyoyin Sudan na Kitchener da suka rage daga Karari su aka sake wa fenti, aka ba su fata iri ɗaya da ta mutanen da ke kan ganuwa. Yaron ya so ya ƙera Lugard a kan doki, aka gaya masa mutumin yana hutu a Ingila a lokacin, mataimakinsa Wallace ne ke riƙon ƙwarya.

Da aka jera su, ɗakin ya yi wani iri. A Karari kowa na karɓar Kitchener ba tare da tunani ba. A nan sai aka shiga tura wa juna. Haifaffen Makkan ne ya miƙa hannu. Ya ce kakansa soja ne, ya yi yaƙin Bama a wannan rundunar, ba kuma zai ce bai san shi ba.

"Yaya, ba ni su. Ai dole wani ya riƙe."

Kuma bai yi wasa da sassauci ba. Shi ya gano cewa in ya tura rabin mutanensa suka zagaya ta gabas, ba sai ya fasa gari ba, hanyar fita kawai zai tare. Telan ya sha kashi a hannunsa har ya fara kiransa ɗan bariki, da farko cikin raha, daga baya rahar ta fara tsami. Dattijon ne ya tsawatar, ya ce wanda ya ɗauki nauyin da kowa ya guda ba a yi masa gori. Tun daga ranar aka mayar da shi karɓa-karɓa, har telan da kansa ya riƙe Maxim, ya kuma yi amfani da ita yadda ya kamata.

Tuta

Ba a ƙera Sarkin Musulmi ba. Dattijon ya ce ko da amawali bai yarda ba, ba wanda kuma ya ja da shi. Tuta ce ke tsaye a madadinsa, in rukuninta ya ƙare telan ne ke ɗauke ta da hannunsa ya ajiye a kan kanta.

Sai yaron, da idonsa na lissafi, ya tambaya ko doka ta hana tuta fita da masu hijira tun zagayen farko. Ba ta hana ba. Telan ya ce ba za a yi ba, malamin ya ce a bari a gani sau ɗaya. Da tuta ta fita, masu ganuwa suka shiga ƙarƙashin dokar firgita, ƙofa ta faɗi da wuri, aka cim ma rabin ayarin kafin su kai kogi. Wasu suka ce to ga dalilin da ya sa ya tsaya. Basakkwacen ya yi dariya ya ce ku kuka rubuta dokar da ta haifar da wannan, yanzu kuma kuna kafa hujja da ita. Gaskiyarsa ce. Malamin ya rubuta sakamakon a littafinsa, ya ja masa layi da rawayan alƙalami.

Inda aka tsaya

Labarin teburin ya kai kunnen 'yan Maiwurno mazauna Jidda, suka nemi a kawo shi taron Sallah. Dattijon ya ce a kai, amma a jera shi kawai, kada a zari takarda a gaban manya, don akwai waɗanda sunayen mamatan Burmi ke cikin addu'arsu ta kullum. Malamin ya ce in ba a buga ba an cire abin da ke sa yaro ya yi tambaya. Aka raba: bayan la'asar manya su gani a jere, malamin ya yi bayani, bayan magariba yara su buga, shi ne alƙali, allurai kuma suna nan a inda suke.

Yaron ya kawo shawarar a bi da Satiru, garin nan na kusa da Sakkwato da ya yi wa Turawa bore a 1906. Malamin ya yarda da karon watan Fabrairu, inda mutanen gari da gatura da fartanya suka karya sojojin dawaki suka kashe Razdan Hillary. Na watan Maris, da Turawa suka dawo suka murƙushe garin, ya ce ba za a ɗora shi a teburi ba, domin babu ɓangare biyu a cikinsa. Ba a yanke ba tukuna. Telan dai ya ce kafin a je ko'ina sai ya ƙara jakuna, don rukuni huɗu cikin sha biyun nan har yanzu da raƙuman Karari suke tafiya.